Rediyon Mota da Fis Uku

Shekara huɗu muna hawan tsohuwar motarmu 'yar Kwatano ba rediyo, gama wanda ya zo da ita ya mutu tun kafin ta shigo hannunmu. A hutun Disamba na 2023 muka sayi sabo a kasuwa. Mai shagon ya ce mu kai wa mai riwaya ya ɗaura mana. Muka yi dariya a zuci. Mu da muke koya wa yara darasin batir da ƙwan tocila, 'yan wayoyin nan ne za su gagare mu?

Ran Asabar da safe muka zauna a gindin mangwaro, mu da babban ɗanmu. Takardar cikin kwalin ta bayyana kome. Waya mai ruwan ɗorawa tana ɗauko wuta daga batir dare da rana, domin kada rediyo ya manta tashoshinsa. Ja ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Baƙa ita ce ta jikin mota. Sauran takwas na lasifika huɗu ne. Muka haɗa, muka naɗe da baƙin salatif, muka tura rediyon cikin raminsa da ɗan ƙarfi, don ya so ya cije.

Da muka murɗa makulli sai muka ji ƙas. Shiru. Muka buɗe akwatin fis, ga wani ɗan ja mai lamba 10 ya tsinke a ciki. Muka aiki yaro ya sayo biyu. Na farko ya ƙone nan take, na biyu ma haka.

A nan ne muka yi abin da muke jin nauyin rubutawa. Wani maƙwabci ya leƙo ya ce fis na yanzu duk jabu ne, mu naɗa silin jan ƙarfe a gurbinsa, haka direbobi suke yi. Mun san ba daidai ba ne. Amma rana ta yi, yara sun taru suna jiran kiɗa, ƙaramarsu ma har ta haye kujerar baya. Muka naɗa sili mai kauri, muka murɗa makulli. Kafin a ƙirga biyar warin roba ya cika motar, hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Yaron ne ya yi ihu, "Baba, kashe!" Muka zare makulli, uwargida ta fizgo yarinyar ta taga. Ba ta ce mana uffan ba, kallo kawai.

Da yamma muka kira mai riwayan unguwa, wani dattijo. Ya dubi silinmu, ya ce, "Malam, fis ba rediyo yake tsaro ba, waya yake tsaro." Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta ɗauka gwargwadon kaurinta. An yi fis ya fi ta rauni da gangan, domin idan wuta ta yi yawa shi ya narke tukuna. Mu kuwa mun cire mai raunin, sai wayar ta karɓi aikinsa. Haka yake ga wanda ya sa shuɗi mai lamba 15 ko kore mai lamba 30 inda aka rubuta 10.

Yadda ya nemi ciwon shi ne ya fi ba mu sha'awa, don bai ɓata fis ko ɗaya ba. Ya fara da tambaya: yana ƙonewa da an sa shi ne, ko sai an murɗa makulli? Muka ce sai an murɗa. Ya ce to, a bi ja, a ƙyale mai ruwan ɗorawa. Sa'an nan ya ɗauko ƙwan birki mai wat 21 da wayoyi biyu a gindinsa, ya soka su a gurbin fis. Ƙwan ba ya barin wutar da ta kai amfiya 2 ta wuce, saboda haka ba abin da zai ƙone. Ya murɗa makulli, ƙwai ya haska tas, alamar wuta tana zurarewa kai tsaye cikin jikin mota. Ya ce da zai cire rediyon hasken ya ɗauke, sai a tuhumi rediyon kansa ko wayoyin lasifika, a cire su ɗaya bayan ɗaya.

Bai kai ga wannan ba. Yana jawo rediyon kaɗan ƙwan ya dushe, yana mayarwa ya haska. Ashe sa'ad da muka tura shi da ƙarfi, bakin ƙarfen ramin ya datse jar wayar, ya yanke robarta. Yankan bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Gyaransa minti biyar ne. Abin da ya ci lokaci da kuɗi shi ne wayar da silinmu ya dafa, tun daga akwatin fis har bayan rediyo, da wasu biyu da suka manne da ita. Sai da ya cire kan batir baƙi kafin ya taɓa su, abin da mu ba mu yi ba da safe. Mun biya kusan ninki uku na kuɗin ɗaura rediyo.

Kashegari muka shiga mota, rediyo yana ta kiɗa. Ƙaramar ta ƙi shiga. Sai da ta sunkuya ta sansana ƙarƙashin sitiyari, sa'an nan ta yarda aka ɗora ta a cinyar uwarta.