Daga Bakin Hanyar Ruwa Zuwa Jami'ar Ƙasar Waje

Wanda ya tashi daga Kumbotso ya kama hanyar Zariya, da ya ƙetare gadar Tamburawa sai ya ga ƙasa ta sake kama. A watan Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe, nan kuwa kore shar. Mun bi wannan hanya da rani, mu da waɗansu malaman makarantarmu, muka zaga Kura da Kadawa da Bunkure. Mun ga alkama da albasa da masara, ga kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan suna jiran manyan motocin Kudu. A Kura kuwa ƙarar injinan casar shinkafa ba ta yankewa.

Ruwan nan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Babbar hanyar ruwa ta siminti ita ke kawo shi, ta rarraba shi cikin ƙanana, har ya kai bakin gona. Can manomi zai sa lanƙwasasshen bututu ya jawo shi cikin kunya, ba inji ba jigo. Masana daga ƙasar Holan ne suka taimaka wajen tsara aikin, aka shirya kashi na farko zai shayar da hekta 22,000. Tun 1976 Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ke lura da shi. Ashe ilimin da aka koyo a jami'o'in nesa ya daɗe yana ciyar da mutanen wannan wuri.

Da manoma suka ji mu malamai ne, ba su yi mana zancen taki ba. Wani dattijo a wajen Bunkure ya ce, "Malam, ɗana ya gama jami'a, yana son ƙarin karatu a ƙasar waje. Wani mutum a birni ya ce in kawo kuɗi zai samo masa wuri. Ina tunanin in sayar da gonar nan." Wannan magana ta tsaya mana a rai, gama gonar da ruwa ke bi ta gefenta ita ce rumbun gida rani da damina. In ta tafi, da wuya ta komo.

Ba mu ga laifin yaron ba, don ƙasar nan tana da misali a kusa. Garin Kwankwaso yana nan maƙwabtaka, cikin ƙaramar hukumar Madobi. Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi aiki a hukumar ruwa ta Jihar Kano, ya tafi Ingila ya karanta aikin injiniyan ruwa a Loughborough, ya komo gida. Da ya zama gwamna karo na biyu, a 2012 ya aika ɗalibai 501 ƙasashen waje su yi digiri na biyu da kuɗin jiha. A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya farfaɗo da shirin, aka sanar da gurbi 1,001 domin 'yan jihar masu digiri mai daraja ta ɗaya, aka tura su Indiya da Uganda. Yaran Kura da Bunkure sun ga wannan da idonsu.

To, masu karatu, ga abin da muka gaya wa dattijon, muna kuma gaya wa kowane gida. Jami'ar kirki ba ta sayar da gurbi a hannun dillali. Ɗalibi da kansa yake cika takardar nema a shafin jami'ar na intanet. Za a tambaye shi sakamakon WAEC ko NECO, da takardar digirinsa, da cikakken lissafin makin da ya ci, wanda tsohuwar jami'arsa za ta bayar. Wannan yakan ɗauki watanni, saboda haka a fara nema da wuri. Za a bukaci wasiƙun shaida daga malamansa biyu ko uku, da bayanin da ya rubuta da kansa a kan dalilin da ya sa yake son wannan karatu. Jami'o'i da yawa suna son jarrabawar Turanci ta IELTS. Sai an sami wasiƙar karɓa tukuna a nemi biza, ofishin jakadanci kuma zai so ya ga shaidar kuɗin makaranta da na zama. Wanda ya kai takardar banki ta ƙarya, ana iya hana shi shiga ƙasar shekaru da yawa.

Batun kuɗi shi ne babba. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce naira 1,500. Kuɗin gona guda na iya ƙarewa tun shekarar farko ba ta cika ba, yaro ya tsaya a tsakiyar kogi, ba gaba ba baya. Gara a nemi tallafi tukuna. Akwai na Commonwealth, akwai na Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke son mai nema ya riga ya yi aikin shekara 2, ya kuma yi alkawarin komowa gida na aƙalla shekara 2 bayan karatu. Ba a biyan ko kwabo wajen neman waɗannan. Mai iyali kuma ya sani, tun Janairun 2024 yawancin masu karatun digiri na biyu a Birtaniya ba a yarda su tafi da mata da 'ya'ya ba.

Muka tambayi saurayin abin da zai karanta. Ya ce ko mene ne, in dai waje ne. Sai muka nuna masa ciyawar kacala da ta toshe ƙaramar hanyar ruwa a gefen gonarsu, har na ƙarshen layi ba sa samun rabonsu. Muka tuna masa da tsutsar da ta cinye tumatirin Kadawa a 2016, har masana'antar Dangote da aka buɗe a shekarar ta tsaya don rashin kaya. Masu ba da tallafi suna neman wanda ya san damuwar garinsu, yana kuma da niyyar magance ta. Ɗan manomin rani ya fi ɗan birni abin faɗi a wannan takarda. A Holan akwai jami'ar Wageningen ta aikin gona, da makarantar ilimin ruwa a Delft. A nan gida ma, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tasha a Kadawa, inda mutum zai iya fara koyo yana tara shekarun aiki.

Iyaye, ku zauna da 'ya'yanku ku yi lissafi a fili kafin a taɓa gona ko shanu. Ku nemi malamin da ya san hanya ya duba kowace takarda. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Idan bana ba a dace ba, a gyara takardu a sake nema baɗi, gona kuwa tana nan tana ciyar da gida.