Ranar da kunnen gwani ya kasa

A wani gareji na Maraɗi akwai dattijon da ya shekara 30 yana gane ciwon inji da kunne. Wata rana wani malamin makaranta, wanda isansi ke cinye wa rabin albashi, ya kawo masa na'urar awon oksijin cikin hayaƙi, ƙirar Bosch LSU 4.9, ya ce a haɗa masa a mota.

Irin ta da, wadda Volvo ya fara sa wa motocinsa a 1976, iyakarta ta ce mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Wannan kuwa adadi take faɗi, a gwada da abin da inji ke bukata: kilo 14,7 na iska ga kilo guda na isansi.

Dattijo ya huda bututun hayaƙi ta sama, don kada raɓar ciki ta taru ta fasa na'urar. Ya kai wayoyinta ga akwatin da ke sarrafa ta, ya ɗauko wuta bayan makulli. Amma wayar mas, sai ya ɗaure ta ga ƙusa mai tsatsa. Lambobi suka yi ta rawa, malamin ya soma zargin jabu aka sayar masa.

Dattijo ya kankare ƙarfe, ya mai da wayar jikin inji. Allo ya tsaya kan 11: mai na ƙonewa a banza. Shekara guda ke nan yana cewa injin lafiya lau.

Ya yi shiru, sa'an nan a gaban yaransa ya ce: «Malam, ka gafarce ni, kunnena ya tsufa.»