Uwargida, yaushe rabon da a leƙa cikin tankinki?

'Yar uwa, a manyan otal na Abuja akwai wata na'ura da ake sakawa cikin wurin ninƙaya, ta riƙa rarrafe a ƙasan ruwa tana zuƙe datti da kanta. Ita ma sai an ciro ta an wanke rariyarta, in ba haka ba ta toshe. To mu nan Bagudo, tankin da ke saman gidanki ba shi da irin wannan na'ura. In ba a hau an wanke shi ba, abin da ya kwanta a ciki yana nan kwance, kuma ta kansa ruwan da kike dama wa yara koko ke bi.

Mutane da yawa sun ɗauka tunda ruwan burtsatse ne, magana ta ƙare. Ki dubi inda bututun fita yake a jikin tanki: ba a gindi yake ba, ya ɗan ɗaga. Duk yashi da lakar da inji ya turo, ƙarƙashin bututun nan suke taruwa. Ga ƙurar hunturu, ga murfin da iska ta ture ba wanda ya sani, sauro ya samu wurin ƙwai, wani lokacin har ƙadangare. Ranar da aka buɗe namu bayan damina, lakar da aka kwaso ta cika bokiti.

Ban ɗauki wannan wasa ba. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kebbi na cikin jihohin da ya taɓa. Mu da ke bakin Kwara, daga Lolo zuwa Illo, mun san yadda ambaliya ke haɗa ruwan masai da na sha.

Wankin ba wuya. Duk wata shida a zubar da ruwan, babban mutum ya goge ciki da dogon buroshi, a kwashe laka, a ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa Hypo, a sake ɗaurayewa har warin ya tafi. Don Allah kada a tura yaro ciki wai don shi ne ƙarami. Zafi da warin maganin na iya sumar da shi, kuma bakin tanki ƙarami ne, ciro shi aiki ne.

Sai injin, wanda ake kira sumo. Ke ce kike gida, ke za ki fara jin sauyi kafin maigida. Ruwan da yake ciki shi ke sanyaya shi, don haka a watan Maris da Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya, in kin ji bututu na tari yana fesa iska, ki kashe nan take, ki ba rijiyar lokaci ta taru. In kuma tankin da ke cika a awa ɗaya ya koma awa biyu, ko kina ganin yashi a ƙasan bokiti, yashin na cin farfelar injin ne, a kira mai gyara ya ɗan ɗaga shi daga gindin rijiya.

Wani mai gyara ya taɓa ce mana injinmu ya ƙone, sai sabo. Na ce a fara duba akwatin da ke bango tukuna. Ashe kafasito ne ya mutu, ɗan abu mai kama da batir, wutar janareta mara ƙarfi ta kashe shi. Aka sauya, inji ya tashi. Tun daga nan na manna takarda a bayan ƙofar kicin, ina rubuta ranar wankin tanki da duk abin da aka sauya a inji. Wanki na gaba ya faɗo ƙarshen Oktoba, bayan ruwan sama ya ɗauke.