Radiyon mota mai kunne biyu

Shekara da shekaru, har zuwa rufe iyaka a 2023, motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwan Kwatano ta gadar Malanbil suke shigowa Gaya. Da yawansu sun yi aiki a Turai kafin su iso. Mai saye yakan duba inji, ya duba taya, ya ƙwanƙwasa jiki. Radiyo kuwa sai a ce ƙawa ce. Amma ga direban da ke wuni bisa kwalta, ba ƙawa ba ce. Ta nan yake jin labarin hanya, da sanarwar hukuma, da kuɗin hatsi a kasuwa.

Akwai wani direba mai jigila tsakanin Gaya da Doso, tafiyar kilomita wajen 150. Motarsa ta zo da radiyonta na kamfani, yana kama Muryar Sahel tangaran. Sai ya yi sha'awar irin na yayi, mai allo, mai haɗuwa da salula. Da aka ciro tsohon, an ga wayoyin eriya biyu a bayansa, sabon kuwa rami ɗaya gare shi. Yaron da ya yi aikin ya soka ɗaya, ya naɗe ɗayar ya tura ciki.

Cikin gari ba a gane komi ba. Da an fita, sai murya ta shiga shaƙewa, can sai shuuu. Direba ya ce laifin gidan radiyo ne. Wata safiya da damina aka yi sanarwa cewa ruwa ya yanke hanya. Abokan aikinsa sun ji, suka dakata a tasha. Shi ya riga ya ɗau hanya, bai ji ba. Ya wuni a bakin ruwa da fasinja, har ɗanyen kifin wata mata ya lalace. Washegari ya nufi wurin wani dattijo mai gyaran radiyo.

Dattijon ya zaro wayar da aka naɗe, ya ce: "Ɗana, motarka kunne biyu gare ta. An toshe ɗaya, ɗayan kuma an hana shi abinci."

Direba ya ce: "Baba, ai ban ga ƙarfen eriya ko ɗaya a jikinta ba."

Dattijo ya kai shi bayan mota, ya nuna masa siraran layukan da ke cikin gilashi. Na tsakiya aikinsu narkar da ƙanƙara a ƙasashen sanyi. Amma a motoci da yawa, waɗannan layuka, ko waɗansu da ke samansu, su ne eriya. Ta biyun takan kasance a wani gefen gilashin, ko bisa rufin mota.

Me ya sa biyu? Tashoshin FM suna watsa shiri tsakanin 87.5 da 108, kuma tsawon kowace igiyarsu mita 3 ne ko kusa da haka. Igiyar ba ta hanya ɗaya take isowa ba. Wata takan zo kai tsaye, wata ta bugi tudu, ko rufin kwano, ko jikin babbar mota, ta dawo a makare. Wanda ya taɓa jefa duwatsu biyu a kogin Isa ya ga misalinsa: inda tozon wata igiya ya gamu da kwarin wata, sai ruwa ya kwanta. Haka murya take mutuwa a wani wuri, alhali taki ɗaya gaba tana nan garau. Shi ya sa mota tana tsaye radiyo na shaƙewa, da an ɗan gusa sai ya washe.

Mota mai gudu tana ratsa irin waɗannan wurare ba iyaka. To, da wuya eriya biyu da ke nesa da juna su faɗa ciki lokaci guda. Radiyon kamfani yana auna su kullum, ya koma ga wadda ta fi ƙarfi kafin ƙiftawar ido, kunne bai ji canjin ba. Na baya-bayan nan ma haɗa su yake yi, ya daidaita su, su zama murya ɗaya.

Saura maganar abinci. Eriyar gilashi ba ta da ƙarfi ita kaɗai. Akwai wani ɗan akwati kusa da ita mai ƙara mata ƙarfi, kuma wuta yake ci. A motocin Turai da yawa, radiyon kamfani ne ke tura masa wutar ta cikin wayar eriyar kanta. Sabon radiyo bai san da wannan ba, sai akwatin ya mutu.

Dattijon ya ce hanya biyu ce. Ko a sa ƴar na'ura mai tura wutar batir cikin wayar eriya, a jona ta da shuɗiyar wayar da ke bayan sabon radiyo. Murya za ta dawo, amma da kunne ɗaya. Ko kuwa a mai da tsohon. Allah ya sa direban bai sayar da shi ba. Aka mai da shi, aka soka wayoyin biyu.

Don haka, masu mota da direbobi, a kula. Kafin a cire radiyon kamfani, a ƙirga wayoyin eriyar da ke bayansa. Kada a kankare layukan gilashin baya da reza, kada a manna musu baƙar leda mai ƙarfe a ciki. In gilashin ya fashe, a nemi irinsa mai layuka. Masu gyara kuma su koya wa yaransu cewa maƙera ba su sa waya a banza ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.