Sababbin Likitoci da Hakkin Jama'a

Akwai tambayar da iyaye suke yawan kawo mana. Yaro ya yi shekara shida yana karatun likita, ya gama koyon aiki a asibiti da bautar ƙasa, ga shi yana shirin jarrabawar tafiya Ingila, ko kuwa Saudiyya ta kira shi. Shin ya halatta ya tafi?

Fita neman halal ba haramun ba ce. Sai dai likitanci farillar kifaya ne, kamar yadda Imamu Gazali ya lissafa shi a Ihya'u Ulumid Din: idan wasu suka wadatar, nauyin ya sauka daga kan saura, idan aka rasa, jama'a duka sun yi laifi. To, mun wadatu? A 2024 ministan lafiya na Nijeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kimanin 55,000 ne ga mutane fiye da miliyan 200. Su ma manyan birane suka fi taruwa, mai naƙuda a ƙauye sai dai a ɗauko ta a mota a yi ta addu'a. Saboda haka wanda ya yi karatu a jami'ar gwamnati, da dukiyar talakawa, a ganinmu akwai bashi a wuyansa. In ya tafi ƙaro ilmi, ya tafi da niyyar dawowa, niyya ta gaskiya, ba ta fatar baki ba.

Amma fa laifin kifaya ba ya tsayawa kan likita kaɗai. A 2023 an kai ƙuduri Majalisar Wakilai na hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Mu ba mu ga adalci a ɗaure ma'aikaci alhali ba a cika masa hakkinsa ba. Ma'aikacin ofis da ya danne takardar albashin likita wata da watanni yana cikin masu korarsa. Haka attajirin da yake tashi zuwa Masar ko Indiya don ciwon da ake iya dubawa a gida, amma bai taɓa yin waƙafin ko da injin wuta ga asibitin garinsu ba, inda ake yi wa maƙwabcinsa tiyata da hasken tocila.