Lamba Bakwai Da Lamba Sha Ɗaya

Ku ɗan matso, tunda an idar da isha'i kuma shayin bai huce ba. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, wadda ba ta faɗuwa a gidan kallo, don can kowa ƙungiyarsa yake karewa, ba mai sauraron wani. Nan kuwa mu ya mu ne. Maganar 'yan wasan gefe ce, lamba bakwai da lamba sha ɗaya, mutanen da ni dai saboda su na fara son ƙwallon Turai.

Manyan cikinmu za su tuna Ajax ta 1995. Louis van Gaal ya ajiye Finidi George a dama, Marc Overmars a hagu, kowanne ya manne wa layi kamar an ɗaure shi a wurin. Da haka suka je Vienna suka doke AC Milan da ci ɗaya mai ban haushi, Kanu ya shigo daga benci, Patrick Kluivert ya ci. Da Finidi ya koma Real Betis a 1996, wa aka ɗauko ya gaje shi? Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, daga Roda. A wancan zamani aikin a fili yake: mai ƙafar dama yana dama, bahago yana hagu. Ka yanke mai tsaronka, ka zura da gudu har ƙarshen fili, ka ɗago kuros, lamba tara ya sa kai. David Beckham ma ba ya wahalar da kansa da yanka. Taku ɗaya zai samu ya murɗa ƙwallo ta sauka a goshin Dwight Yorke ko Andy Cole.

Sai masu horarwa suka juya abin, suka kai bahago dama, mai dama hagu. Ba Arjen Robben ne ya fara ba, amma a kansa na gane hikimar. Shekara goma ya yi a Bayern Munich, daga 2009 zuwa 2019, kuma abu ɗaya yake yi. Zai karɓi ƙwallo a bakin layin dama, ya tunkari lamba uku da ƙananan taku, ƙwallon tana manne da ƙafarsa ta hagu, hannunsa a ɗan lanƙwashe. Sai ya saki kafaɗa kamar zai bi waje, ya karyo ciki. Taku ɗaya, biyu, uku a gefen yadi na sha takwas, sannan ya lanƙwasa ta can kusurwar nesa. Mu da ke kallo a akwatin talabijin mun san abin da zai yi, mai tsaron gida ya sani, koci ya yi mako guda yana gargaɗi, kuma duk da haka sai ta shiga.

Wani zai ce ai sauri ne kawai. A'a, ɗan'uwa, ka sake duba bayansa. Philipp Lahm yana zagayowa ta waje a guje. Idan mai tsaron baya ya bi Robben ciki, ya bar wa Lahm hanya. Idan ya tsaya jiran Lahm, Robben ya samu damar bugu. Gaba kura, baya sayaki. Ga shi kuma da zarar bahago ya karyo daga dama, ragar gaba ɗaya ta buɗe a gaban ƙafarsa mai ƙarfi, alhali da a hagu yake, kusurwar sai ƙara tsukewa take yi. A ɗaya gefen Franck Ribéry yana yin irin wannan. Su biyun ne suka haɗa ƙwallon minti na 89 a Wembley a 2013, Ribéry ya tura da dunduniya, Robben ya kwantar da Dortmund.

Daga nan ɗan wasan gefe ya zama shi ne mai cin ƙwallo. Mohamed Salah ya zo Liverpool daga Roma a 2017, a kakarsa ta farko ya zura 32 a Firimiya, kuma a takarda ɗan gefe ne. Roberto Firmino, mai lamba tara, shi ke ja da baya ya janyo mai tsaronsa, Salah da Sadio Mané su faɗa ramin da aka bari. To wa ya gaji bakin layin? Lamba biyu da lamba uku. A kakar 2018 zuwa 2019 Trent Alexander-Arnold ya bayar an ci sau 12 a Firimiya, Andy Robertson sau 11. Mu ma namu ya ɗanɗana wannan canji: Antonio Conte ya mayar da Victor Moses mai riƙe gefen dama shi kaɗai, sama da ƙasa, Chelsea ta ci wasa 13 a jere ta ɗauki kofin 2017.

Amma wanda ya fi burge ni, ku yi haƙuri 'yan United, shi ne abin da Pep Guardiola ya yi a Manchester City a kakar 2017 zuwa 2018. Ya mayar da Leroy Sané, bahago, hagu, Raheem Sterling dama, ya ce su tsaya a layi su jira. Faɗin fili wajen mita 68 ne, kuma mutum huɗu ba za su iya rufe shi ba. Idan Sané ya tsaya can, dole lamba biyu ya fito wajensa, sai ƙofa ta buɗe tsakaninsa da mai tsaron tsakiya. Ta wannan ƙofar David Silva da Kevin De Bruyne suke sulalewa. Kuros ɗin ma ya sauko ƙasa: a kai ƙarshen fili, a mayar da ƙwallo baya a shimfiɗe, masu tsaro suna gudu suna fuskantar ragarsu, wani ya taɓa ta shige. Maki 100, ƙwallo 106. Na sha ganin Sané ya yi mintuna bai taɓa ƙwallo ba, mutane suna cewa ya ɓace a wasan, alhali tsayuwarsa ce ta yaga bayan abokan karawa.

To ga abin da ke damuna, kuma a nan kaɗai zan faɗa. Wannan tsari da na yaba shi ne ya fara cinye ƙarfin halin yaran. Yanzu sau nawa kuke ganin ɗan gefe ya samu mai tsaronsa shi kaɗai, ba mai taimako, ya tsaya, ya taka ƙwallo, ya mayar da ita baya? Tsoron kada a ƙwace a kawo musu kora ya fi ƙarfin sha'awar yanka. Ku dubi Jack Grealish. A Aston Villa ɗaukar ƙwallo yake ya kutsa cikin mutane. Da City ta saye shi fam miliyan 100 a 2021, sai ya zama ma'ajin ƙwallo a bakin layi. Gaskiya ne da shi suka ɗauki kofi uku a 2023, ban raina wannan ba. Amma wallahi raina ya sosu da abin da aka rage masa.

Shi ya sa daren Dublin na 2024 bai fita daga zuciyata ba. Bayer Leverkusen ta zo da wasa 51 ba a doke ta ba, Ademola Lookman na Atalanta ya zura mata uku shi kaɗai. Ta biyun nake so ku tuna: ya karyo daga hagu, ya zura wa Granit Xhaka ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, ya lanƙwasa da dama daga wajen yadi. Ta ukun kuma ya tsallaka ƙwallo ya bi waje, ya ɗirka da hagu ta sama. Ba allon koci ne ya zana wannan ba, yaron ne ya ga mutum a gabansa ya ce zan wuce. Haka Lamine Yamal ya riƙa yi wa Inter a 2025 yana ɗan shekara 17, mutum biyu a kansa amma bai fasa tunkara ba. PSG kuwa ta nuna ana iya haɗa tsari da ƙarfin hali: a wasan ƙarshe da ta lallasa Inter 5 da nema, Désiré Doué ne ya shimfiɗa wa Achraf Hakimi ta farko, lamba biyu a bakin raga, sannan Doué ya ci biyu, Khvicha Kvaratskhelia ya ƙara.

Don haka ranar Asabar in Allah ya kai mu, ina roƙonku abu ɗaya. Ku ɗauke ido daga ƙwallon na minti biyar, ku dubi wanda ke tsaye a layin can nesa, ku ga yadda yake jan mai tsaronsa. Kai kuma ɗan'uwa da kake horar da yaran unguwa da yamma, idan ƙaramin lamba bakwai ɗinka ya gwada yanka aka ƙwace, don Allah kada ka daka masa tsawa. Ka ce ya sake gwadawa.