Duwatsun Tuni da Alƙalamin Jika

Kowane gida yana da labarin wanda ya fara sare dajin da aka kafa shi a ciki. Irin wannan labari a bakin tsofaffi yake rayuwa. Yakan kai ga 'ya'ya da cikarsa, ya kai ga jikoki da giɓi, kafin ya iso wurin tattaɓa-kunne sai suna kaɗai ya rage. Aikin fasto yakan sa mutum ya ga wannan asara da idonsa, domin a wurin jana'iza akan karanta tarihin tsohon da ya shekara tamanin a duniya, a gama kafin mai karatu ya juya takarda. Shi ya sa nake murna idan na ga matasa cikin ikilisiya suna so su rubuta labarin kakanninsu. Amma tambayar da sukan kawo mini tana da nauyi: ya halatta mai bi ya ɗauki tarihin gidansu ya mai da shi ƙagaggen labari, ya sa wa matattu magana a baki wadda bai ji da kunnensa ba? Wannan ba shaidar zur ba ce?

Domin in amsa, bari in kai ka wata ƙasa mai nisa, wurin wata mata da ta yi wannan aiki har duniya ta san ta da shi.

A shekarar 1862 Shugaba Abraham Lincoln na Amurka ya sa hannu a wata doka wadda ta ba talaka damar ya mallaki fili eka 160 a yammacin ƙasar, muddin ya gina gida a kai, ya noma shi, ya kuma zauna a ciki shekara biyar. Dubban iyalai suka ɗora kayansu a keken doki suka nufi yamma. Cikin irin waɗannan iyalai aka haifi Laura Ingalls a 1867, a jihar Wiskonsin. Tana ƙarama mahaifinta ya kai su Kansas, suka dawo, suka sake tashi zuwa Minesota, inda suka fara zama a ɗakin da aka haƙa a jikin gaɓar rafi. A can farin ɗango ya sauka ya cinye alkamarsu tana gab da nuna. A 1879 yayarta Mary ta makance bayan wata rashin lafiya, a shekarar kuma suka ƙara gaba zuwa yankin Dakota, garin De Smet. Sanyin 1880 zuwa 1881 ya same su a can: ƙanƙara ta toshe hanyar jirgin ƙasa watanni, abinci ya yanke, suka riƙa niƙa alkama da 'yar na'urar niƙan gahawa, suna murɗa busasshiyar ciyawa suna hura wuta da ita don kada sanyi ya kashe su.

Laura ba ta rubuta wannan ba sai da ta haura shekara sittin, bayan iyayenta da Mary duk sun rasu. A 1930 ta rubuta tarihin rayuwarta yadda ya faru, amma masu ɗab'i suka ƙi karɓa. Sai ita da 'yarta Rose, wadda ƙwararriyar marubuciya ce, suka juya shi ya zama ƙagaggen labari domin yara. Littafi na farko, Little House in the Big Woods, ya fito a 1932, shekarar da aka fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Kafin ƙarshen 1943 littattafan sun kai takwas, da sunanta na aure, Laura Ingalls Wilder. Shi kuwa rubutun farko da aka ƙi, Pioneer Girl, sai a 2014 aka buga shi, shekara 57 bayan rasuwarta. Saboda haka yau muna iya ajiye biyun kusa da juna mu ga abin da ta ƙara da abin da ta rage.

Ta ƙara wa kanta shekaru a labarin Kansas, domin lokacin da suka zauna a can ba ta wuce shekara uku zuwa huɗu ba, abin da ta rubuta daga bakin iyayenta ta ji shi. Ta haɗa halin 'yan mata uku da ta sani ta yi yarinya guda mai girman kai, ta ba ta suna Nellie Oleson. A labarin dogon sanyin nan ta nuna iyalinta su kaɗai a gida, alhali akwai wasu mata da miji da ke zaune tare da su. Hirarrakin da ke cikin littattafan kuwa, babu mai iya tuna magana kalma da kalma bayan shekara hamsin.

Ni dai ban ga laifi a waɗannan ba, ga kuma dalilina. Ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ka san ba haka yake ba, domin ka ci riba ko ka cuce shi. Wanda ya rubuta a bangon littafinsa cewa ƙagaggen labari ne ya riga ya yi yarjejeniya da mai karatu. Annabi Natan bai je wurin Sarki Dawuda da takardar tuhuma ba. Ya je da labarin wani attajiri da wani matalauci mai 'yar tunkiya guda, labarin kuwa ya shiga inda wa'azi ba zai shiga ba, har sarki ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. Ubangijinmu Yesu ma da misalai ya yi yawancin koyarwarsa, babu kuma wanda ya tambaye shi sunan ƙauyen ɗan nan da ya ɓatar da gādonsa. A namu harshen, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934, ya nuna zafin cinikin bayi ta hanyar rayuwar mutum guda da mahaifiyarsa, mai karatu ya ji a jikinsa abin da lissafin shekaru ba zai sa ya ji ba. Idan ka san kakarka ta ɗauki tulu ta yi tafiya mai nisa zuwa rafi kowace asuba, ka kuma rubuta abin da take faɗa wa 'yarta a hanya, ba ka zalunce ta ba. Ka mayar mata da muryar da kabari ya karɓe.

Inda nake so ka tsaya ka yi nazari shi ne abin da Laura ta rage. Tana da ƙane, wanda aka haifa a 1875, ya rasu yana da wata tara. Babu shi a littattafan takwas ko da a layi ɗaya. Haka kuma zaman da suka yi a Burr Oak cikin jihar Ayowa, inda iyayenta suka yi aiki a masaukin baƙi, talauci ya kai su ga barin garin da dare da bashin haya a kansu. Wannan ma ta share shi. Ba na ɗora mata laifi a kan jaririn, domin ita kanta ta binne nata ɗan a 1889, akwai kuma ciwon da alƙalami ba ya iya taɓawa. Sai dai duba abin da ragin ya haifar. Labarin ya zama na iyali mai tafiya gaba kullum, wanda ba ya ja da baya, ba ya dogara ga kowa. Jikan da ya karanta irin wannan, ranar da tasa gonar ta ƙi, zai ɗauka shi ne na farko da ya fāɗi a zuriyarsu.

Littafi Mai Tsarki bai bi wannan hanya ba. Ya faɗi bangaskiyar Ibrahim, ya kuma faɗi tsoron da ya sa ya ce matarsa 'yar'uwarsa ce. Ya faɗi wayon Yakubu da zunubin Dawuda. Da Matiyu ya zo jera asalin Almasihu, ya sa Tamar da Rahab da matar Uriya a ciki, sunayen da mai neman yabon dangi zai so ya tsallake. Idan muka goge kasawar kakanninmu, mun goge wurin da alherin Allah ya yi aiki, domin wanda bai taɓa fāɗuwa ba, ba a iya ba da labarin yadda aka tashe shi.

Akwai ragi na biyu da ya fi wannan nauyi. Filin da iyalin suka gina gida a kai a Kansas na ƙabilar Osage ne, kuma a lokacin doka ba ta buɗe shi ga baƙi ba. Littafin ya nuna 'yan asalin ƙasar ta idon yarinya mai tsoro, ya kuma sa wa wasu maƙwabta munanan kalmomi a kansu. Saboda irin wannan ne a 2018 ƙungiyar masu kula da ɗakunan karatu na yara a Amurka ta cire sunanta daga wata lambar yabo da ta daɗe tana ɗauke da shi. Abin da jikan mai sara yake kira daji, sau da yawa wurin farautar wani ne, ko makiyayarsa, ko makabartar iyayensa. Ka lura da yadda Littafin Farawa ya ba da labarin kogon Makfela: ya ambaci mai filin, Efron Bahitte, ya ambaci kuɗin, shekel 400 na azurfa, ya ambaci shaidu. Marubucin bai ce Ibrahim ya iske ƙasa babu kowa ba. A ƙasarmu, inda maganar wanda ya riga wani zama ta sha jawo zubar da jini, wannan gargaɗi namu ne kai tsaye. Littafin da ka rubuta don girmama kakanka zai iya zama itacen hura wuta a hannun jikanka, idan ka share maƙwabcin da ya nuna masa inda ruwa yake.

Kakana ma mai saran daji ne. Ya sauko daga dutse da gatari da 'yan awaki, ya kafa bukka a fili. Abin da tsofaffin gidanmu suka fi nanatawa shi ne sunan mutumin da ya ba shi irin dawa a shekarar farko, mutumin da ba yarenmu ɗaya ba, ba kuma addininmu ɗaya ba. Sun riƙe sunan nan kamar bashi. Duk wanda zai rubuta labarin gidanmu yana da 'yancin ƙaga ruwan sama da hira da kukan kura da dare, amma ba shi da 'yancin cire wannan mutum.

To, idan Ubangiji ya sa maka wannan aiki a zuciya, fara kamar Luka, wanda ya bi diddigi wurin waɗanda suka gani da idonsu kafin ya rubuta. Je ka wurin tsofaffi tun suna da numfashi, ka ji bakin mata kamar yadda ka ji na maza, ka ji na dangin da aka yi rigima da su. Rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, ka adana shi dabam, kamar yadda rubutun Laura na farko ya tsira har ya zama ma'aunin sauran. Bayan haka sai ka gina labarinka, ka gaya wa mai karatu a fili cewa ginawa ka yi. Cike giɓi da abin da ya dace da halin mutanen da zamaninsu. Kada ka ɗora wa mamaci laifin da bai yi ba domin labari ya yi armashi, kada kuma ka ba shi tsarkin da bai kai ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ƙaryar ta ƙauna ce.

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa ya sa aka ɗebo duwatsu goma sha biyu daga tsakiyar kogin aka kafa su a Gilgal, domin 'ya'ya su gani su yi tambaya, iyaye kuma su ba da amsa. Daga inda abin ya faru aka ɗebo su, ba a sassaƙa wasu masu kyaun gani daga wani wuri ba. Haka littafinka ya kamata ya zama: tsarin jerawar naka ne, duwatsun kuwa na kogin ne.

Ya Ubangiji, Allah na kakanninmu, kai da ka bi da su cikin daji da yunwa da baƙunci, ka ba mu kunnen sauraron tsofaffinmu, da zuciyar da ba ta jin kunyar gaskiya, da alƙalamin da ba ya zaluntar maƙwabci. Ka sa abin da za mu bar wa 'ya'yanmu ya kai su ga yi maka godiya. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.